Maɗacin Nuhu Ya Bushe a Tsaye

Bana shekara tara ke nan da rasuwar taubashina Nuhu, mai sassaƙe na Guci. Ni da lakwal, makarantar boko, ta kora tun ban gama haddace baƙaƙe ba, ga ni ina rubutu a jarida, don haushi ya ishe ni.

Nuhu in zai ɗebi ɓawon maɗaci, faɗin tafin hannu yake yanka a gabas, tafin hannu a yamma, sannan ya shafe raunin da laka. Nakan ce masa, "Boka, itacen ma surukinka ne?" Ya ce, "Kai dai riƙe jakin, shi ne ajinku ɗaya." In kuwa aka zo masa da ƙullutun da ba ya motsi, ko ganye ba ya tsinka. Cewa yake, "Wannan ban iya ba, ku tafi asibitin Damagaram."

Yau fa? An ji a salula wai masana suna gwada ruwan itatuwa a kan ƙwayoyin ciwon daji. Na tambayi majo, babban ma'aikacin jinya a likitar Dungas, ya ce gaskiya ne, har akwai magungunan daji da aka samo daga tsirrai. Amma abin da ya kashe ƙwaya a cikin kwalba, kafin ya zama maganin mutum tafiya ce mai nisa. 'Yan tallar magani da lasifika a kasuwa ba su jira ba. Ganin hadari suka sa jama'a wanka da kashi. Sun feɗe maɗacin Nuhu zagaye kamar akuyar Sallah, ya bushe a tsaye.

Itace dai a dasa wani. Abin da ya hana ni sakat Hadiza ce, 'yar Nuhu ta fari. Ƙullutu gare ta a nono tun damina, mijinta na ta ɗura mata ruwan ɗaci a gorar lemo. Na yi magana, ya ce, "Baba, Turawa ma sun tabbatar." Yaron da ko takardar da ake liƙa wa zane bai iya karantawa ba, gara ma ni.

Da Nuhu na nan, da sandarsa ta yi bayani. Bai bar gona ba, asirinsa ma ya bi shi kabari. Abin da ya rage nasa shi ne rashin jin kunyar faɗin inda iyawarsa ta tsaya, kuma ban ga magaji ba.

Ranar kasuwa zan sa Hadiza a motar Damagaram, da izinin miji ko babu. Ya kai ni ƙara wajen mai gari in ya so. Na fi son ta dawo da nono ɗaya ta yi mini faɗa.