Kwana Huɗu Ina Shinshina Unguwannin Kano

Lahadi: Gumel zuwa Panshekara

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida da 'yar jakata, ko koko ban tsaya sha ba don ɗoki. Ɗana Nura ya samu aiki a wani kamfanin jimar fatu a Chalawa wata takwas ke nan, matarsa Hauwa da yaransu uku kuwa suna wurinmu a Gumel. Ya bugo waya ya ce ya sami gida, in zo in gani in sa albarka kafin su tare. Babbar 'yarsa Safiya, mai shekara bakwai, tana fama da asma. Hauwa ta gaya wa mai ɗakina cewa ko'ina za ta bi mijinta, amma ba za ta kai yarinyar inda iska za ta kwantar da ita ba. Ni kuma na yi shekara talatin da ɗoriya ina jan babbar mota, na zauna a Kumasi da Yamai da Njamena, don haka a gidanmu ana ganin na iya zaɓen masauki.

Motarmu ta tashi shida da minti goma. A Gujungu muka tarar ana ta sauke awaki a bakin kasuwa, muka ɓata kwata guda. Shinge uku muka wuce, ba inda aka tsare mu. Direban, da ya ji tsohuwar sana'ata, ya ce, "Alhaji, ku da kuka san hanya, ya kuka ga tuƙina?"

Na ce, "Hannunka da kyau, amma kana taka birki kamar kana jin haushinsa."

Tara saura kwata muka sauka a Yankaba, bayan tafiyar kilomita ɗari da ashirin ko kusa da haka. Nura yana jira. Muka hau adaidaita sahu, na sa aka bi da mu ta Bompai, domin can na sha ɗaukar kaya a zamanina, kuma tun daga gida nake raya wa kaina cewa can ya dace da su: tituna masu faɗi, manyan itatuwa. Nura ya bari na gama yabo, sannan ya ce, "Baba, daga nan zuwa Chalawa sai an ratsa Kano kaf. In na zauna nan, yaran nan a barci kawai za su riƙa ganina." Na ce mu wuce, don gaskiya ya faɗa.

Sha ɗaya saura muka isa Panshekara. Gidan yana can ƙarshen unguwa, ta wajen masana'antu. Ɗaki biyu da falo, tsakar gida da siminti, rijiya, har da bishiyar gwaba. Unguwar tsit, sai masu dawowa daga coci cikin kwalliya da 'yan ƙwallo a fili. Na shiga kowane ɗaki, na ɗanɗana ruwan rijiyar, na tsaya tsakar gida na ja iska har cikina. A nan take na kira mai ɗakina na ce ta gaya wa Hauwa ta fara ɗaure kaya.

Na kwana a Ɗorayi gidan Malam Isiyaka, abokina da muka yi tuƙin Kumasi tare. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, muka ci muna gardamar wanda ya fi iya yaren Asante a cikinmu. Har yanzu ni ne.

Litinin: komawa gidan

Ƙarfe takwas muka yi da mai gidan, wanda yayan ogan Nura ne a wurin aiki. Nura ya zo da abokin aikinsa Bitrus, mutumin Filato, da dillalin da ya haɗa su. Tun kafin mu karya kwanar layin wani wari ya tare ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da mushe. Na san warin majema, na ji shi a Damagaram, amma wannan har maƙogwaro yake kartawa. Na zaga bayan katanga. Kwatar da na gani jiya a bushe, yau cike take da wani ruwa mai toka-toka yana gudu yana kumfa.

Na ce, "Nura, wannan warin fa?"

Ya ɗaga hanci sama ya ce, "Wane wari, Baba?"

Na dubi Bitrus. Ya shaƙa, ya girgiza kai. Dillali ya ce, "Alhaji, ƙila daga bakin titi kuka kwaso shi."

Mutum uku lafiyayyu suna kallona kamar mai taɓin hankali, ni kuwa idona na ruwa. Na fara zargin kaina. Na ce mu je in sha ruwa tukuna. A mararraba akwai rumfar wata mai abinci da ma'aikata ke kira Maman Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna. Ta ga ina toshe hanci da bakin babbar riga, ta kwashe da dariya.

"Baba, baƙo ne ku. Yaushe kuka zo?"

"Jiya."

"Ai shi ya sa. Jiya Lahadi, injina na hutu." Ta nuna su Nura da ludayi. "Waɗannan kada ku tambaye su. Duk wanda ya yi wata uku cikin fatu, hancinsa ya mutu. Maigidana har ya bar aikin yana cewa ni ce mai tsirfa. Su ne za su je su duba wa juna gida, ranar hutu, su dawo suna cewa iska kamar ta ƙauye."

Bitrus ya ce, "Mama, ke ma ai a nan kike."

"A nan nake sayarwa. Barci can nake yi ta wajen kasuwa, inda ba ya kaiwa. Panshekara ai babba ce, ku ne kuka zaɓi bakin kwata."

Da ta ji labarin Safiya sai dariyar ta ɗauke. Ta ce in dubi kwanon rufin gidajen layin da ƙofofinsu na ƙarfe. Na duba, duk tsatsa ta ci su, har na sababbin gini. Ta ce duk gidan da za mu gani, in je da safe in koma da yamma, don iska tana juyawa. "Kuma ku yi sauri, Baba. Ku kaɗai ne mai hanci a cikinsu, ku ma in kuka yi sati guda kun zama su."

Nura ya kasa cin abincin da ta zuba masa. Ya riga ya yi wa ogansa alkawarin kama gidan, ga shi ya ƙagu ya ga iyalinsa kusa. Ni ma kunya ta ishe ni, don ni na ce a ɗaure kaya. Na ce ya bar mini maganar. Na sami mai gidan, dattijo mai fara'a, na gaishe shi, na gaya masa komai ban rage ba. Ya ce, "Alhaji, da an ce mini da mai asma, da ni da kaina na hana. Gwauraye na saba ba wa." Muka rabu da mutunci. Ƙarfe ɗaya da rabi Nura ya wuce aiki, don na yamma yake yi makon nan, ni kuwa na gudu Ɗorayi in adana hancina.

Talata: Sharaɗa, Ɗorayi, Zawaciki

Bakwai daidai muka fita, ni da Nura da Malam Isiyaka, wanda ya ce ba za a yi wannan farauta babu shi ba. Muka yi shatar adaidaita sahu na rabin yini. Matuƙin da ya ga duk inda muka tsaya ina fita ina ɗaga hanci, ya ce, "Alhaji, wani abu ya ɓace muku ne?" Isiyaka ya ce, "Ka dai ja, likitan iska muka ɗauko."

A Sharaɗa aka nuna mana ciki da falo a wani babban gidan haya. Iskar da dama-dama, sai ɗan ƙaurin roba. Abin da ya kore ni daban ne. Ƙarfe takwas na safe, gida mai ɗaki goma sha biyu, ko tari ba ka ji. Wata mata ta fito da yatsa a baki, ta ce masu aikin dare ne ke barci, nan yara ba sa wasa sai bayan azahar. Na tuna ƙannen Safiya biyu, waɗanda in suka tashi ko kaji sai sun bar gidan. Muka fita a kan yatsun ƙafa.

Ɗorayi ta burge ni, ta tuna mini zangon Kumasi: kowane lungu da makarantarsa da mai shayinsa, kowa ya san kowa. Isiyaka ya dage sai nan. Amma gidan da ya samo yana cikin lungun da ko amalanke ba ya shiga, taga ɗaya, ga injin markaɗe jikin bango yana tuttula hayaƙi. Da na ce ba nan ba, ya ji haushi na minti biyar, sannan ya huce.

Sha biyu saura kwata muka shiga Zawaciki. Unguwa ce mai tasowa, gini nan, gona can, kamar yadda na san gefen Yamai shekarun baya. Muka fara da mai unguwa, kamar yadda nake yi duk garin da na sauka. Ya haɗa mu da wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, zai bar gidansa. Ɗaki biyu, tagogi gabas da yamma, darbejiya biyu a ƙofa. Bai kai na Panshekara kyau ba, tsakar gidan ma ƙasa ce. Na taka da ƙafata zuwa firamare, minti bakwai. Burtsatse yana bayan masallaci. Motar ma'aikata tana tsayawa a bakin titi, Nura ya ce kwata guda ta kai shi. Malamin bai ɓoye mana ba: wuta sai ta ga dama, layin kuma da damina sai an naɗe wando. Na leƙa kyamis na tambayi mai shagon ko yana yawan sayar da abin shaƙa na masu asma. Ya ce yana ajiye shi, amma yakan daɗe a kanta.

Nura ya so a gama magana nan take. Na ce a'a, na yi wannan gaggawar shekaranjiya. Ya tafi aiki, ni na zauna a ƙofar gidan kan benci daga la'asar har magariba. Iska ta juya kamar yadda Maman Rifkatu ta faɗa, ba ta kawo komai ba sai ƙamshin awarar da ake soyawa a kan layi. Mata suna kwashe shanya, yara suna dawowa daga Islamiyya da ihunsu, ba wanda ya sa musu yatsa a baki.

Laraba: Zawaciki zuwa gida

Shida da rabi na safe na sake tsayawa a tsakar gidan, lokacin da injinan masana'antu ke tashi. Nura yana gefe yana kallon fuskata, ko ƙiftawa ba ya yi. Na zaga gabas, na zaga yamma, na leƙa bayan katanga. Na ja iska sau uku.

Ya ce, "Baba, ya kuka ji?"

Na ce, "Ban ji komai ba."

Ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta. Muka shaida wa malamin a gaban mai unguwa, aka yi addu'a.

Goma da rabi na hau mota a Yankaba, muka tsaya sallar azahar a hanya saboda taya ta yi faci, biyu da kwata ina Gumel. Na tarar da kayan Hauwa rabi a ɗaure rabi a kwance, don tun Litinin da na bugo na ce a dakata, ba ta san inda aka tsaya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tambaya ba, amma ba ta tashi ba. Na ba ta labari tun daga kwata har darbejiya, da wutar da ba ta zama, da taɓon damina. Ta ce, "Baba, taɓo ai wankewa ake yi."

Safiya ta raɓo jikina ta ce, "Tsoho, a can za a bar ni in yi gudu?"

Na ce mata akwai fili daga ƙofar gida har makaranta, kuma sau uku na tsaya a wurin na gwada mata iskarsa da ƙirjina. Saura na Allah ne. Kafin in gama cire takalmi na ji uwarta tana neman igiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Isiyaka da iyalinsa, da dattijon da ya karɓi uzurinmu bai ɓata rai ba, da Maman Rifkatu wadda ba ta san ni ba ta gaya mini gaskiya a kan farantin shinkafa da wake. Asabar mai zuwa za su tare, ni zan zauna gaban mota in nuna hanya.