Kan Gawa da Jinin Sa

A ma'aikatar gyaran tsofaffin ƙofofi da ke bayan Bab Makka, tsohuwar ƙofar birni a nan ƙasar Larabawa, ni ne mai haɗa launi. Shugabarmu Baturiya ce 'yar Holan, ba ta kiran launi da sunan littafi, sai da sunan da masu sana'ar ƙasarsu suka laƙaba masa. Ja mai duhu da ya karkata ga shunayya, dodekop, wato kan gawa. Ɗan'uwansa mai ɗan haske, ossenbloed, jinin sa. Akwai wata ɗorawa, schijtgeel, ɗorawar kashi, wadda na rantse ba zan ambata da alwala ba. Dariya ta yi har da riƙe ciki.

Sai yanar ido ta fara rufe mini gani. Kan gawa da jinin sa suka zame mini abu guda. Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Na ɗaura zare a wuyan kwalabe, ƙulli ɗaya kan gawa, biyu jinin sa. Ina murza garin launi tsakanin yatsu in gane shi da laushinsa. Tsoro kuwa ya hana ni cin abinci, domin kafilina, mai tsaya mini a ƙasar nan, ya faɗa ƙarara: sai Baturiya ta sa hannu cewa tana bukatata zai sabunta iƙamata, wato izinin zamana. In ba haka ba, halas, shi ke nan, sai a mai da ni Sudan inda na fito, da 'ya'ya mata uku da ba su san ko'ina ba sai unguwarmu ta Khumra.

Ranar da na zo da takardar da za ta sa wa hannu a aljihu, ta ɓanɓaro ɗan ɓawon fenti daga wata ƙofa, ta miƙo mini a bakin wuƙa.

"Ya hajj, wanne ne wannan? Yalla, maza, idonka ya fi na'urata."

Babu kwalba, babu zare. Na kai shi bakin taga, na juya shi, na roƙi Allah a zuci kamar mai nutsewa. Duhu kawai nake gani.

"Dodekop," na ce.

Ta ajiye wuƙar. Da ma ta yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi.

"Kore ne, ya hajj," ta ce a hankali. "Tun yaushe?"

Hannuna na kan aljihu, takardar ta jiƙe da gumi. Na kasa fito da ita.