Yatsu Shida

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da wani abu yana harkar taya a wata rumfar kwano da ke bakin titi. Ba faci kaɗai yake yi ba. An fi saninsa da ɗora wa a-kori-kura manyan tayoyi, irin motocin da ke shiga gonaki da damina, inda kwalta ba ta kai ba. Da na dawo daga karatu ban sami aiki da wuri ba, sai na riƙa zama a bencinsa ina kallo ina tambaya.

Shi ya fahimtar da ni cewa sayen babbar taya ba shi ne aiki ba, zaɓen rim ne, wato ƙarfen da ake sa tayar a jikinsa. Rim kamar kwano yake, yana da zurfi daga inda ake ɗaure noti zuwa leɓensa na baya. In zurfin ya yi yawa, tayar za ta shige ciki, ta riƙa gugar abin da ke bayanta in an murɗa sitiyari. In ya yi kaɗan, ta fito waje, ta cinye boris ɗin da take juyawa a kansa, ta yi ta watsa wa ƙofa taɓo.

Kawu ba ya awo da tef. Yakan kifa rim a ƙasa, ya gitta wani miƙaƙƙen ƙarfe a kan leɓen, ya jera yatsunsa daga gindin zuwa ƙarfen: huɗu na dama, biyu na hagu. Shida cif. In ya wuce haka ko ya gaza, ko kyauta aka ba ka zai ce ka mayar. Daga nan sai ya ɗaura tayar, ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya sa a murɗa sitiyari iyakarsa dama da hagu, ya gani da idonsa.

Babban abokinsa wani direba ne da ake ce wa Dogo, mai jigilar masara daga gonaki. Kullum suka haɗu sai tsiya.

"Injiniya ba takarda!" in ji Dogo. "Ga ɗanka ya yo karatu, ka bari ya koya maka inci mana."

"Inci nawa ne tsakanin kunnenka da hankalinka?" in ji Kawu. "Wannan ma tef ba zai kai ba."

A farkon shekarar nan ciwon ƙoda ya kwantar da Kawu wata biyu. Ya tashi, amma jikinsa a kumbure, ƙafa da fuska da hannu. Zoben azurfarsa ma sai da Inna, matarsa, ta kira maƙeri ya yanke shi. Duk mun ga wannan, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Dogo kuwa ya riga ya sayi manyan tayoyi saboda damina, ya ajiye su a ɗaki, ya ƙi kai wa kowa. Ran da Kawu ya buɗe rumfa sai Dogo ya zo da rim iri biyu na hannu, ya zube.

"Na ce ko mutuwa ka yi sai ka tashi ka auna mini," in ji shi.

Kawu ya yi dariya, ya gitta ƙarfensa. Na farko ya ce ya gaza. Na biyu ya ce shida ne. Aka ɗaura. Da ya zo kwanciya a ƙarƙashin motar sai numfashi ya ƙi, ya dafa bodi ya daɗe yana haki. Dogo ya ce, "Bari, tsoho, kasa kunne kawai." Ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Ba a ji gugar komai ba, don motar ba kaya, kuma a kan ƙasa mai laushi take, shimfiɗaɗɗiya.

Kwana tara bayan nan Dogo ya taho da lodi, ya biyo wata gangara mai ramuka. Ashe duk ramin da ya faɗa, tayar gaba tana gugar tiyon birki, har ta huda shi. Ya taka birki, birki ya tafi ƙasa. Ya kai motar jikin gaɓa don kada ta faɗa rafi. Ya rayu, amma an yanke ƙafarsa ta dama daga gwiwa.

Kawu ya sa na ɗauko masa rim ɗaya daga inda aka ja motar. Ya auna: shida. Ya sake aunawa: shida. Sai ya tashi daga kan tsohon rim ɗin da ya mayar kujera, wanda shi da kansa ya zaɓa shekaru da suka wuce, ya kifa shi, ya gitta ƙarfe. Yatsa biyar suka cika shi, na shida bai sami wuri ba. Ya daɗe yana juya hannayensa yana dubawa.

Na raka shi asibiti. Bai iya gaisuwa ba, sai ya miƙa wa Dogo hannayen nan biyu, ya ce, "Su ne. Sun ƙara faɗi, ni kuma ban leƙa ƙarƙashin motar ba."

"Sauke hannunka, don Allah," in ji Dogo. "Wa ya ce ka kasa kunne? Ni ne. Kuma ka ga, yanzu na huta da sayen takalmi ƙafa biyu."

Ba wanda ya yi dariya, har shi mai maganar.

Na saya wa Kawu tef, na nuna masa inda inci huɗu da rabi yake. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya ajiye shi a kan taga. Yana nan a ledarsa.

Kumburin ya saɓe daga baya, yatsunsa sun koma yadda suke. Direbobi suna zuwa har gida suna roƙonsa, yana tura su wajen wani. Rumfar yanzu mai gyaran babur ne a ciki. Kowace safiya Kawu yakan taka zuwa ƙofar gidan Dogo, su zauna a benci ɗaya. In a-kori-kura ta wuce, Dogo yakan bi direban da kallo, Kawu kuma ya dubi tayar gaba.