Ranar da Na Ɗora wa Sadiku Katifa a Ka

A gidanmu na Roni, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai Dada, kakata ta wajen uba, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna tonon gyaɗa a toka. Ni nake zama gab da ita, don ni ne "maigidanta", kuma a ɗakinta nake kwana. Kowa ya ɗauka gata ne. Gaskiyar magana, har na shekara goma ina fitsarin kwance, kuma Dada kaɗai ta sani. Da asuba takan wanke tabarmar ta shanya a bayan rumbu. In an tambaya, sai ta ce butarta ce ta kife, tsufa ya sa hannunta rawa.

Akwai tatsuniyar da ta yi ta maimaita mana har muka haddace. Wai wasu mata biyu ne suka sayo sababbin randuna, kowace randa tana tsatsafo. Ta farko ta hasala, ta mirgino tata tsakar gida, ta kira maƙwabta su zo su ga randar banza. Randa ta ji kunya, ta zauna a rana har ta tsage. Ta biyun kuwa ta girke tata a kan yashi cikin inuwa, kullum ta sauya yashin ba ta gaya wa kowa, har randar ta kama kanta.

"Sabuwar randa ba da gangan take yi ba," in ji Dada, tana zungurina da ƙafa. "Ko ba haka ba, maigida?"

Ni kuwa, uban 'yan wauta, na ɗauka hirar randa ake yi.

Yanzu ina koyarwa a Kazaure, kuma ɗana Sadiku ya gado ni. Bara da bazara, yana shekara bakwai, surukaina suka kwana a gidanmu, da safe zarni ya cika ɗaki. Ni dama zuciya gare ni. Na ɗora masa katifar a ka, na tura shi ƙofar gida, yaran unguwa suka bi shi da tafi da ihu. Uwarsa ta roƙe ni, na ce haka ake gyara yaro. Fitsari kuwa ya tsaya cak, har ina bugun ƙirji.

Kwana biyar bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a hanyar makaranta. A asibiti likita ta ce ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa, ta tambaya ko gudawa yake yi. Shi da bakinsa ya gaya mata tun ranar da na ɗora masa katifa ya daina shan ruwa, a cikin wannan zafi, don kada ya sake fitsarin kwance. In uwarsa ta miƙa masa kofi, sai ya faki ido ya juye. Likita ta dube ni, ta ce yawancin yara da kansu suke daina fitsarin kwance, haƙuri kawai suke bukata. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, don duk ɗakin nan na fi kowa sanin haka. An rufa mini asiri shekara da shekaru, ni kuma na tona na ɗan cikina saboda kunyar baƙi.

Ana ƙara masa ruwa na matsa kusa da gadon, na gaya masa abin da ko uwarsa ba ta sani ba, cewa ni ma na yi, har na fi shi daɗewa.

"Baba, kai ma an ɗora maka katifa a ka?"

Na ce a'a.

"To ni me ya sa?"

Ya warke, ya koma shan ruwansa. Amma har yau ban samo amsar da zan ba shi ba.