Sunan Marigayi a Babbar Kwamfuta

A kamfanin kayan ginin, Tafireta ake ce mata, domin da tafireta ta fara aiki, tun mai kamfanin yana da ƙarfinsa. Ita ke buga takardar fitar da kaya. Idan ba ta buga ba, mota ba ta barin sito, ko da direba zai wuni yana danna oda. Ba ta da fara'a, ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba, amma yatsunta ba su taɓa sa kowa jira ba. Da tsohon ya rasu, autansa ya hau kujera. Wannan autan ta sha share masa majina a gindin teburinta. Yanzu Manaja take ce masa, shi kuma ya ce mata Anti.

Sai ɓarin jikin mijinta ya shanye. 'Ya'ya sun yi nisa, kowa da uzurinsa mai kyau. Mijin mutum ne ƙato, ba ya juyawa sai an juya shi, ba ya zuwa bayi sai an kai shi. Ta roƙi Manaja ya bar ta ta yi aiki daga gida. Ya yarda, kuma bai bar kowa a ofis bai ji cewa ya yarda ba.

Aka ba ta ƙaramar kwamfuta. Mai gyara ya nuna mata yadda za ta shiga babbar kwamfutar ofis daga ɗakinta: ta sa suna da lambar sirri, allon ofis ya bayyana a gabanta tamkar tana zaune a can. Ta ɗora ƙaramar kwamfutar a kan teburin guga, kusa da gadon mara lafiya.

Amma abin ba ya tafiya. Ta danna harafi, sai ta ja numfashi ta sauke kafin ya fito. Ta ja kibiya, kibiya ta cije. Wani lokaci har ta juya mijin, ta gyara masa matashi, ta dawo, shafin bai gama buɗewa ba. Waya kuwa ba ta hutawa.

"Anti, ki rufa mini asiri," in ji mai sito. "Direbobi sun gama da ni, sun koma kan iyayena."

Manaja ya fi iya magana. "Anti, ko hidimar gida ce ta yi yawa? Ba laifi ba ne mutum ya gaji."

"Ban gaji ba. Injinka ne ya gaji."

"To ai mu nan muna ta aiki."

Ta canza layin waya. Ta kai kwamfutar bakin taga, ta ɗora ta a kan bokiti a tsakar gida, duk ba ta sake zani ba. Daga ƙarshe ta sa aka turo mai gyara. Ya gwada layinta ya ce lafiyarsa lau. Ya rage kalar allo, ya cire hoton bango da duk wani ƙyale-ƙyale, abin ya ɗan motsa, sannan ya koma gidan jiya.

"Mama, ciwon ba a nan yake ba," ya ce. "Sai mun je can."

Ta bar mijin a hannun maƙwabciya ta bi shi. Babbar kwamfutar tana cikin ɗakin ajiya, tsakanin gwangwanayen fenti da karyayyun kujeru, tana huci. Mai gyara ya duba waɗanda ke cikinta, ya yi dariya. Kowa na ciki, har wanda ya tafi hutu. A wannan ofis ba a fita, rufe allo kawai ake yi a tafi, aikin kowa ya zauna a buɗe yana cin ƙarfin injin. Ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Saura suna guda, kuma shi ne ya fi kowa ci.

Sunan marigayi ne. Tun yana da rai ya sa aka haɗa masa kyamarorin ofis da na sito a ƙarƙashin sunansa, don ya riƙa ganin wanda ke barci. Ya mutu, kyamarori ba su mutu ba. Suna ta zuba hoto har ma'ajiyar injin ta cika maƙil, kuma suna tura shi ta layin ofis zuwa wayar Manaja. Ta wannan siririn layin ne ita ma take shigowa. Ba wanda ya taɓa rufe sunan. Duk wanda ya gan shi sai ya yi wa tsoho addu'a ya wuce.

Aka kira Manaja. "Ranka ya daɗe, hanya biyu ce," mai gyara ya ce masa. "Ko a rufe wannan sunan, ko a saya wa kyamarori nasu akwatin daban."

"Sunan Baba za ka kashe?"

"Ba kashewa ba ne, fitar da shi..."

"Ka fitar da Baba daga kamfaninsa? Da hannunka?" Idonsa har ya kawo ruwa. Maganar sabon akwati kuwa bai ji ta ba sam.

Tafireta ta dube shi. Ta san tsohon fiye da shi, ta san da yana nan da tuni ya ce a rufe a ba direbobi takardunsu. Ta kuma ga wayar a hannun autan, ga mai sito a ciki yana sosa kai.

"Auta," ta ce, sunan da ta daɗe ba ta kira ba. "Ubanka ya tafi. Nawa mijin yana nan kwance, yana jiran a juya shi."

"Allah Ya ba shi lafiya, Anti. Ni dai a ganina ki dawo ofis kawai. Kin ga ba sai an taɓa komai ba. In kuma ba zai yiwu ba, wallahi ba zan riƙe ki ba."

Magani ba ya sayen kansa, don haka ta dawo. Kullum da safe ta wanke mijin, ta juya shi ɓangaren ƙofa, ta ajiye ruwa kusa da hannun da ke motsi, ta bar mabuɗi wurin maƙwabciya. Maƙwabciya tana leƙawa idan ta tuna. Bayansa ya fara gyambo.

A ofis ɗin ma injin bai daina jan ƙafa ba, domin ba a daɗe ba kowa ya koma rufe allo ya tafi abinsa. Takan danna harafi ta jira, mai sito na tsaye a kanta. Sai dai yanzu ba mai cewa ta gaji. Teburinta yana daidai ƙarƙashin kyamara, kuma Manaja yana ganinta a wayarsa, zaune, hannu a kan madannai, tana jira.