Kamboja Ne, Ba Kambodiya Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina jiran bas a unguwar Ardwick, nan Manchester, wayata ta yi ƙara. Zainab ce, 'yar Yaya Habu na Birmingham. Yaya Habu ya rasu. Har bas ta zo ta wuce ban shiga ba.

Ba dangina ba ne. Amma lokacin da na zo jami'a a Birmingham ban san kowa ba, a falonsa na unguwar Sparkbrook na yi ta kwana har na samu ɗaki. Shi ya raka ni na yi rajista da GP, likitan unguwa. Ya cire jaket ɗinsa ya ba ni, wai ta matse shi. Wallahi daidai take masa.

Aikinsa injiniya ne, amma zuciyarsa na wajen mutanen Kamboja. Wani maƙwabcinsa ɗan Pakistan ne ya ce masa danginsu Kamboh ne, jikokin wata tsohuwar al'umma mai suna Kamboja. Shi ke nan, Yaya ya faɗa karatu. Ya ce mutane ne masu dawaki da suka zauna a duwatsun yankin Afghanistan da Pakistan na yau, kuma har yanzu masana na gardama ko 'yan'uwan Farisawa ne ko na Indiyawa.

Mutanenmu Hausawan nan suka sa masa suna Malam Kambodiya, alhali Kambodiya wata ƙasa ce daban can nesa. Ya gyara, ya gyara, har ya gaji. Daktoci da akantoci fa, masu digiri bibbiyu, ba wanda ya tsaya ya ji bambancin.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a flat ɗina ne, ya zo Manchester wani aiki. Ya rame, amma ya ci tuwo sosai. Yana wanke hannu ya ce, “Sani, ka san abin da ke hana ni sakat? Ba mu da labarin Kambojan nan daga bakinsu, maƙwabta ne suka rubuta su. Daga ɗan abin da ya rage na yarensu akwai kalma guda, shawati, wato tafiya. A wajen maƙwabtan kuwa, kalmar da ta fito daga tushen nan, shawa, gawa take nufi.”

Na ce, “Yaya, kai dai da Kambojan nan.”

Ya ce, “Ba su nake ji ba. Yaranmu nake ji, kada Hausa ta ɓace musu haka.”

Abin da ya sa ya buɗe ajin Hausa ran Asabar a unguwar Perry Barr ke nan. Shi ke biyan ɗakin, shi ke kawo biskit. Iyaye suka kwashe yaransu ɗaya bayan ɗaya, wai lesson ɗin maths ya fi muhimmanci. A taron ƙungiyarmu ta Hausawa ya roƙi a ba shi 'yan mintuna ya yi bayani, wani daga kujerun baya ya ce, “Za a kai mu Kambodiya ke nan,” aka fashe da dariya. Ya naɗe takardarsa ya zauna.

Zainab ɗinsa ma Turanci take mayar masa da muryar 'yan Birmingham. Wannan ya fi komai ci masa rai, ya sha gaya mini.

Yanzu na buɗe group ɗin ƙungiyar a waya, masu dariyar nan su ne kan gaba wajen yabo. Babban rashi, masani, gwarzo. Wani har ya rubuta wai ya ƙware a tarihin Kambodiya. Haba jama'a! Mutum ya mutu ma ba za ku faɗi sunan daidai ba? Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Na san Zainab tun tana rarrafe, ban taɓa jin jimla guda ta Hausa a bakinta ba. Da ta kira ni yau ta fara da Turanci, amma ba ta ƙarasa ba. Sai ta ce, “Kawu, Baba ya tafi.”

Da Hausa ta faɗa, shi kuma bai ji ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Habu, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. In yaronka na kusa, ka kira shi ku yi tare, ka koya masa yadda ake cewa Allah Ya jiƙansa.