Dakta Alice a Kujerar Baya

Na san Dakta Alice Yamusa tun muna firamare a Ushafa, kuma har yau in na tuna abin da aka yi mata a nan Abuja sai raina ya ɓaci.

Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce. Da yaren Gbagyi Alice ta tashi, Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta. A makarantarmu duk wanda aka kama yana yaren gidansu sai ya durƙusa a rana, kuma ba wanda ya kai ta shan wannan horo, don bakinta ba ya shiru.

Ilimin harsuna ta karanta a jami'a a Gwagwalada. A can ta fara jin labarin Bask, yaren wasu mutane a iyakar Sifen da Faransa, wanda masana suka rasa gano masa dangi. An taɓa hana koyar da shi, amma masu shi suka buɗe makarantu a ɓoye har ya farfaɗo. Ta samu tallafin karatu ta tafi can, ta yi shekara tara tana bin ƙauyukan makiyayan tumaki tana naɗar muryar tsofaffi. Wata tsohuwa ta gaya mata cewa a zamaninsu zobe ake miƙa wa yaron da ya yi Bask a aji, wanda mako ya ƙare zoben na hannunsa shi zai sha bulala. Alice ta ce mini kashe na'urar ta yi, ta zauna tana kuka.

Ta dawo da digirin dakta, da littafi kan yadda Bask ya koma aji, da kuma tsari mai shafi sittin na koyar da yaranmu da Gbagyi, Gade da Gwandara a shekaru ukun farko na firamare. Ta kai wa wata hukuma da ba zan faɗi sunanta ba. Sau shida tana zuwa kafin ta ga darakta, wani Alhaji Fatihu.

"Madam, me kika ce kin karanta?" in ji shi, idonsa na kan waya.

"Harshen Bask, ranka ya daɗe."

"Wa yake yin sa a Abuja?"

"Babu. Amma yadda suka ceto nasu zai yi mana amfani."

Ya yi dariya. "Shekara tara! Ai da Faransanci kika yi da mun san inda za mu sa ki."

Bai buɗe ko shafin farko ba.

Bayan shekara biyu hukumar nan ta shirya babban taro a otal kan harsunan gida, ta ɗauko wata farfesa takanas daga Turai. Ba a gayyaci Alice ba. Ni na shigar da ita da katina, tunda ina aikin jarida, muka zauna a kujerar baya kusa da masu raba ruwa. Ana cikin jawabi sai farfesar ta haska bangon wani littafi a allo, ta ce duk mai son fahimtar wannan batu ya fara da shi, kuma ta ji marubuciyar 'yar Abuja ce, ko tana nan?

Alice ta miƙe. Wallahi da idona na ga Alhaji Fatihu ya riga kowa tafi. Ya karɓi makirufo ya ce, "Ai 'yarmu ce, muna aiki da ita ƙut da ƙut!" Aka jawo ta gaba, aka yi hotuna.

Mako na zagayowa ta koma ofishinsa. Sakatariya ta ce oga ya yi tafiya, kuma fayil ɗinta ba a gan shi ba, ta sake kawo wani.

Ba ta sake kaiwa ba. Yanzu Turanci take koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Gudu. Ran Asabar kuma ta hau mota zuwa Ushafa, inda yara talatin da 'yan kai suke koyon karatu da Gbagyi a rumfar da mahaifiyarta ke shanya tukwane. Hotonta da darakta yana nan rataye a zauren hukumar, an rubuta sunanta ba daidai ba.